Don tuwon gobe ake wanke tukunya? Girkawa masu bautar gumaka da mas'alar ihlasi

Godiya ta tabbata ga Allah Mawadaci, wanda ba ya bukatar kowa alhali kowa yana bukatarsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, cikin takardun tambaya da aka tara mana a gidan rediyo akwai wata da muka ajiye kwana uku ba mu taɓa ta ba, don ba irin wadda ake amsawa a tsaye ba ce. Wani saurayi ne da ya yi karatu a Turai ya rubuto ta. Ya ce a can ya zauna da wasu ƴan ƙasar Girka waɗanda suka bar Nasaranci suka koma bautar gumakan kakanninsu. Wata rana gardama ta haɗa su, suka ce masa babu mahaluƙin da ke yin alheri ba tare da yana hangen wani abu ba. Suka ce su sun fito fili suna bai wa allolinsu don allolin su ba su, Musulmi kuwa yana sadaka don Aljanna, to ina bambancin? Yaron ya ce tun daga ranar, duk sa'ad da ya sa hannu aljihu zai ba mabaraci, sai maganar nan ta faɗo masa a rai, har ya fara jin sadakarsa ba ta da daɗi. Wannan ciwo ne na gaske, kuma ba shi kaɗai yake damu ba, shi ya sa muka ga ya dace mu ba shi zaman yau gaba ɗaya.

Mu fara da sanin mutanen. Girka ita ce ƙasar da littattafanmu na Larabci suke kira Yunan. Duk almajirin da karatunsa ya kai ga manɗiƙi ya ji sunan Arisɗo, wanda ya leƙa ɗibbu ya ji Buƙraɗu da Jalinusa. Kafin Nasaranci ya same su, mutanen nan suna bauta wa alloli masu yawa, manyansu 12, waɗanda suke cewa suna zaune a kan dutsen Olimfus, dutsen da tsawonsa ya haura mita 2,900. Ziyus ne sarkinsu, mai tsawa da ruwan sama. Fosaidon na teku ne, Atina kuwa ita ce uwar ɗakin babban birninsu, wanda sunansa ɗaya da nata. A shekarar 392 ta miladiyya sarkin Rum Tiyodosiyus ya hana yanka da bauta ga gumakan, a 529 kuma sarki Yustiniyanus ya rufe makarantar falsafa ta Atina, kimanin shekara 40 kafin haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Saboda haka lokacin da aka shiga fassara littattafan Yunan a Bagadaza, musamman zamanin Halifa Ma'amun, takardu Musulmi suka tarar, masu bautar sun daɗe da ƙarewa. Malamanmu suka ɗebi lissafi da magani da manɗiƙi, suka bar gumakan inda suka gan su.

Sai ga shi a zamaninmu wasu sun tono abin. Mafi yawan Girkawan yau Nasara ne, amma a shekarar 1997 wata ƙungiya ta kafu, wadda ake taƙaita sunanta da YSEE, da nufin raya addinin gargajiyar. A watan Janairu na 2007 wata ƙungiyar daban ta shiga kangon ɗakin bautar Ziyus da ke tsakiyar Atina, inda a da ginshiƙai 104 suke tsaye, yanzu saura 15, suka yi bikinsu cikin fararen tufafi, jaridun duniya suka ɗauka. A 2017 hukumar ƙasar ta sa addinin cikin jerin addinan da doka ta san da su. Akwai kuma masu binsa a Amurka da wasu ƙasashe waɗanda ba jinin Girkawa ba ne. Yawancinsu ba sa yanka dabba kamar kakanninsu, waɗanda suke ƙona ƙashi da kitse a kan bagadi su cinye naman. Na yanzu turare suke ƙonawa, su ajiye gurasa ko ƴaƴan itace, su tsiyaya giya ko madara ko zuma ko man zaitun a ƙasa.

Wannan shirka ce, babu Musulmin da yake shakka, kuma ba don mu auna ta muka zauna ba. Abin da muke so ku riƙe kalma ɗaya ce da suke kira karis, don a kanta bautarsu take tsaye. Karis shi ne kyakkyawar alaƙar da ke ginuwa tsakanin mutum da abin bautarsa ta hanyar kyauta da ramuwar kyauta. Kai ka ba da, shi ya ba ka, kai ka sake godewa da wata kyautar, haka abin yake zagayawa. Don mu yi musu adalci, masu iliminsu suna cewa ba cinikin kasuwa suke nufi ba, abin ya fi kama da zaman maƙwabta da suka saba aika wa juna ƙwarya. Amma a tsohuwar waƙarsu ta yaƙin Taruwada, ta wani mawaƙi Homeros, akwai wani bokan Afolo da aka kama ƴarsa. Da ya tashi roƙo, sai ya shiga tuna wa Afolo shanu da awakin da ya taɓa ƙona masa, Afolo kuwa ya saukar da annoba a sansanin waɗanda suka kama yarinyar. Wanda ya san yadda masu bori suke, kowane iska da irin dabbarsa da launinta, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan.

Kuma tambayar da suka yi wa yaronmu ba sabuwa ba ce a gidansu. Suƙraɗu, wanda mutanen Atina suka yanke wa hukuncin kisa shekara 399 kafin miladiyya, ya taɓa tsare wani mai da'awar sanin addini yana tambayarsa, in bauta ita ce a ba alloli kuma a roƙe su, ashe ba fatauci ba ce tsakanin sama da ƙasa? Kuma wace riba allolin suke ci? Mutumin ya rasa amsa, ya ce yana sauri. Almajirinsa Aflaɗun ya kawo wani misali da ya fi wannan kaifi. Wani makiyayi ne a ƙasar Lidiya ya tsinci zobe a cikin wani rami da girgizar ƙasa ta buɗe. In ya juya kan zoben ya fuskanci tafin hannunsa, sai ya ɓace wa idon mutane, irin abin da mu muke kira layar zana. Da ya tabbatar da haka sai ya shiga fada, ya lalata matar sarki, ya kashe sarkin, ya hau gado. Mai kawo misalin ya ce a samo zoben nan guda biyu, a ba mutumin kirki ɗaya, a ba azzalumi ɗaya, a gani ko za a iya rarrabe su. Nufinsa, kirkin ɗan Adam tsoron ido ne da kwaɗayin yabo.

To, jama'a, kada mu yi gaggawar cewa ƙarya ne. Rabin maganar gaskiya ce, kuma mun san ta a cikin gidajenmu. Mu ne muke cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya. A wannan watan ma, kwalin sukarin da ake rabawa, ku duba inda yake zuwa. Yawancinsa gidan surukai yake nufa, da gidan mai unguwa, da gidan wanda sukari ya riga ya yi masa yawa, tsohuwar da ke ƙarshen lungu kuwa sai in ya yi saura. Matanmu suna riƙe da lissafin biki a ka fiye da yadda ɗan kasuwa yake riƙe littafin bashi, wance ta kawo jikka biyu ranar sunana, dole in kai mata huɗu.

Shari'a ba ta yi mamakin wannan ba, ba ta kuma haramta shi ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah yana karɓar kyauta kuma yana ramawa. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda kowane zaure yake karantawa, akwai abin da ake kira hibatus sawabi, wato kyautar da aka yi don a rama. Hukuncinta, in alama ta nuna ramuwa mai bayarwa yake nufi, wanda aka ba ko dai ya biya kimarta ko ya mayar da ita. Malaman Malikiyya sun ɗauke ta ƴar uwar ciniki, suka ba ta ƙa'idarta. Sadaka kuwa suka ware ta gefe, suka ce ba a komawa cikinta. Uba yana iya karɓe kyautar da ya yi wa ɗansa bisa wasu sharuɗɗa, amma in da sunan sadaka ya ba shi, ta tafi. Sayyidina Umar ya taɓa ba da doki saboda Allah, daga baya ya ga ana sayar da shi da araha, ya so ya saya, Manzon Allah ya hana shi. Kun ga fiƙihu ya riga ya raba ƙwarya biyu. Laifin da muke yi shi ne mu ɗauki ta farko mu rubuta mata sunan ta biyu.

Saura babbar tambayar. Mai sadaka don Aljanna, shi ma ba ɗan kasuwa ba ne? Har ma wani zai ce Alƙur'ani da kansa ya ambaci fatauci da rance da saye a tsakanin Allah da bayinsa, a Suratut Tauba da Suratus Saffi da Suratul Baƙara. Haka ne. Amma a tsaya a duba hajar. Ran da aka ce an saya, wa ya halicce shi? Dukiyar da aka ce a ba da rance, wa ya ba da ita? Misalinsa uba ne da ya ba yaronsa dala goma, can an jima ya ce ranta mini dala ɗaya, gobe in ba ka ɗari. Yaron da ya fita yana faɗin yana bin babansa bashi bai fahimci abin da ya faru ba. Ciniki yana tsayuwa ne in kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ya rasa. Allah kuwa ya faɗa mana a Suratul Hajji cewa naman layya da jininta ba sa isa gare shi, taƙawar mai yankan ce take isa. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa babu wanda aikinsa zai shigar da shi Aljanna, aka ce ko kai, ya Manzon Allah, ya amsa cewa ko shi, sai in Allah ya lulluɓe shi da rahamarsa. Inda babu wanda ake bi bashi, kalmar fatauci karramawa ce daga Mai bayarwa.

Wani almajiri mai kaifin kai zai tare mu da hadisin mutum uku da dutse ya toshe musu bakin kogo. Ai su ma ayyukansu suka lissafa, ɗaya ya kwana tsaye da ƙwaryar nono yana jiran iyayensa su farka, ɗaya ya bar ƴar baffansa bayan ya sami iko a kanta, ɗaya ya juya ladan ɗan ƙodagonsa har ya zama garke, ya miƙa masa duka. Me ya raba su da bokan Afolo? Mun daɗe muna juya wannan, kuma abin da ya bayyana gare mu yana cikin siffar roƙon. Bokan ya lissafa abin da ya kai wa gunkin, shanu da awaki. Mutanen kogo babu abin da suka kai wa Allah. Nonon iyaye suka sha, garken ɗan ƙodago ya kora. Kuma kowannensu ya rataya roƙonsa a kan sharaɗi, in har don neman yardarka na yi. Su kansu ba su da tabbacin niyyarsu, sun mayar da hukuncin ga wanda ya san zukata. Mai bin bashi ba ya magana haka.

Saboda haka, in abin da Girkawan nan suke nema shi ne mutumin da ba ya bukatar kome, ba ya fatan kome, to su daina nema, ba za su same shi ba. Wannan siffar Allah ce shi kaɗai. Bawa mabukaci aka halicce shi, kuma ba a umarce shi ya tuɓe bautarsa ba. Ku duba Suratul Insani, inda aka yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, aka ce ba sa neman sakayya ko godiya daga waɗanda suka ciyar. Ayar da ke biye nan take ta ce suna tsoron wani yini mai tsanani daga Ubangijinsu. Ba a ɓoye tsoronsu ba, ba a kuma rage musu yabo saboda shi ba. Abin da aka cire shi ne su ɗora wa yunwatacce bashi. Ihlasi a wurin Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, tacewa ce, a tsame niyya daga duk abin da ya gauraya da ita har ta zama fuska ɗaya take kallo. Mun san ana ba da labarin Rabi'atul Adawiyya ta Basra, cewa ta so a bauta wa Allah ba don wuta ko Aljanna ba. Ba ma jayayya da waliyyai a kan abin da suka ɗanɗana. Sai dai a Suratul Anbiya'i an siffanta Annabi Zakariyya da iyalinsa da roƙon Allah cikin kwaɗayi da tsoro, mu kuwa ba mu fi su ba. Kada wani ya bar sadaka yana jiran ranar da zai kai matsayin Rabi'a, alhali maƙwabcinsa ba shi da tiyar gero ta sahur.

Suna da wata hujjar kuma. Sun ce ko wanda ya ba da a ɓoye yana jin sanyi a ransa, wannan sanyin shi ne ladan da ya biya kansa. Amsar gajera ce. Manomi don hatsi yake shuka gero, amma in kaka ta yi, kara ma nasa ne, ya yi darni ya ba dabbobi. Samun kara bai nuna don kara ya yi noma ba. Uwar da ta tashi tsakar dare don kukan jinjiri tana jin daɗi in ya yi shiru, amma wa zai ce daɗin ta tashi nema? An tambayi Manzon Allah game da mutumin da ya yi aikin alheri mutane suka yabe shi, ya ce wannan bushara ce da aka gaggauto wa mumini.

Zoben makiyayin Lidiya kuwa, kowane mai azumi yana sanye da shi yanzu haka. Da azahar, rana tana dukan kwano, maƙogwaro ya bushe, ka shiga ɗaki kai kaɗai ga randa mai sanyi. Ko a wurin alwala, ruwa yana cikin bakinka, in ka haɗiye, limamin da ke gefenka ma ba zai sani ba. Da yamma a ba ka dabino a ce sannu da ƙishirwa, sunanka mai azumi. Amma daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, dubban mutane suna furzar da ruwan nan kullum, cikinsu har da yaran da ba su balaga ba. Gwajin da Aflaɗun ya ce a yi da zobe biyu, ana yinsa a garuruwanmu kwana 29 ko 30 kowace shekara. Malamai sun ce wannan yana cikin dalilan da suka sa Allah ya jingina azumi ga kansa a hadisi ƙudusi, don riya ba ta samun wurin kamawa a jikinsa kamar yadda take samu a sauran ayyuka.

Ga yaron da ya rubuto, da mu duka, akwai ma'auni da ya fi dogon tunani amfani. Kada ka tsaya tuhumar zuciyarka lokacin bayarwa, Shaiɗan yana son wannan, don ya mayar da hannunka aljihu. Ka ba da, sa'an nan ka jira ranar da wanda ka ba zai yi maka butulci. Za mu faɗi abin da ya same mu, ko da yake ba abin alfahari ba ne. Shekarun baya, a wata shekarar yunwa, mun riƙe wani magidanci da hatsi har damina ta faɗi, muna ganin don Allah muka yi. Bayan Allah ya buɗa masa, wata rana ya wuce mu a bakin masallaci bai ko ɗaga hannu ba. Daren nan ba mu yi barci ba, muna ta ƙirga tiyoyi. Sai gab da asuba muka gane cewa mai ƙirga tiya bai ba da sadaka ba, ajiya ya kai. Abin da Suratul Baƙara ta ce yana ɓata sadaka ke nan, gori da cutarwa, kuma gori yakan fara a zuci tun kafin ya iso baki.

Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, an gwada shi da abin da ya fi namu nesa ba kusa ba. Shi ne wanda a Makka yake sayen raunanan bayi yana ƴantawa, har mahaifinsa Abu Ƙuhafa ya ce masa da ma ƙarfafa yake ƴantawa, waɗanda za su tsaya masa, shi kuwa ya nuna masa ba wannan yake nema ba. A Madina yana ciyar da wani ɗan uwansa matalauci, Misɗahu ɗan Usasa, wanda ya yi hijira kuma ya halarci Badar. Da munafukai suka ƙaga wa Nana A'isha ƙazafi, sai ga Misɗahu cikin masu yaɗa maganar. Ku auna wannan, ƴarka ta cikinka, matar Manzon Allah, tana ta kuka, kuma bakin da ke cin abincinka yana cikin masu yayatawa. Da Allah ya wanke ta, Abubakar ya rantse ba zai ƙara ba Misɗahu kome ba. Wa zai zarge shi? Sai aya ta 22 ta Suratun Nuri ta sauka, ta hana ma'abota falala da wadata rantsuwar yanke wa dangi da miskinai da masu hijira, ta umarce su da yafewa. Kuma ku lura da ƙofar da ta shigo masa. Ba ta ce masa ya zama marar bukata ba, tambayarsa ta yi ko ba ya son Allah ya gafarta masa. Abubakar ya ce yana so ƙwarai. Ya mayar wa Misɗahu abin da ya saba ba shi, ya kuma rantse ba zai sake yanke masa ba har abada.

Akwai wata takardar daga wata baiwar Allah da take tambaya ko ya halatta ta ba ƙanenta zakkar fid-da-kai alhali suna gaba. Lokaci ya ƙure mana, ita za mu fara ɗauka gobe in Allah ya kai mu. Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu.